Darasi na 9: Likitan da Ya San Tarihinka

Mu mazauna Gyadi-Gyadi da Tarauni Allah ya hore mana wuraren neman magani. Ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a kan Titin Zariya, wanda kowa ya fi sani da Asibitin Malam. An kafa shi a 1988, kuma a nan ne ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero suke koyon aiki. Marasa lafiya na zuwa masa daga Jigawa da Katsina, har daga Jamhuriyar Nijar, mu kuwa kuɗin adaidaita sahu kaɗan ke kai mu, wasunmu ma da ƙafa suke takawa. Ga ƙananan asibitocin gwamnati a cikin unguwanni, irin na Unguwa Uku. Ga asibitocin kuɗi a Daurawa da Darmanawa da Hotoro. Kemis kuwa, da wuya mutum ya wuce layi biyu bai ga ɗaya ba.

Sai dai wannan yalwa ta zo mana da wata ɗabi'a. Yau mutum ya ji ciwon kai ya tsaya a kemis, wata mai zuwa jiri ya ɗebe shi ya je asibitin kuɗi, bayan Sallah ƙafarsa ta kumbura ya yanki sabon kati a wani wuri. Ya ga ma'aikatan lafiya da yawa, ya kashe kuɗi masu yawa, amma a ko'ina baƙo ne. Babu wanda zai iya faɗin yadda jikinsa yake bara, balle ya gane abin da ya sauya bana. A wannan darasi za mu duba amfanin riƙe likita ɗaya, ko asibiti ɗaya, da abin da mutum zai yi idan hakan ya yi wuya.

Abin da muka riga muka sani

Ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. Iyayenmu suna da wanzamin gida. Shi ke yi wa jariri askin suna, shi ke yi wa yara kaciya, shi ake kira idan maigida yana son ƙaho. Idan ya tsufa ɗansa ya gaje shi, ya gaji gidajen da yake yi wa aiki. Ya san gidan da jininsu ba ya saurin tsayawa, ya san yaron da ke da tsoro, ya san dattijon da ba ya faɗin ciwo sai ya kwantar da shi. Ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa waɗannan abubuwa. Shekarun shiga gidan ne suka koya masa.

A aikin likitanci na zamani ma akwai masu irin wannan matsayi. Ana kiran su likitocin iyali. Su ne ake horarwa su duba yaro da babba, mace da namiji, su bi lafiyar mutum shekara da shekaru, su kuma san lokacin da ciwo ya wuce hannunsu har ya kamata su tura shi wurin ƙwararre. A Asibitin Malam akwai sashensu, kuma su ke kula da ɓangaren da ake kira GOPD, inda akasarin masu zuwa a duba su su koma gida suke fara shiga.

Abin da zuwa ɗaya ba ya nunawa

Mu ɗauki hawan jini, tunda da wuya a sami gida a unguwanninmu da ba a san shi ba. Idan aka ɗaura wa mutum abin awo a damtse, lamba biyu ake samu, ta sama da ta ƙasa. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, likita zai fara zargin hawan jini. Amma awo ɗaya ba ya yanke hukunci, sai fa idan ya yi mummunan hawa. Mutumin da ya sha rana a hanya, ya bi dogon layi, gabansa na faɗuwa don ganin likita, jininsa na iya hawa a wannan sa'a ya sauka da yamma. Shi ya sa ake maimaita awon a ranaku daban-daban. Likitan da ke da awonka na wata shida a gabansa yana ganin inda jinin ya dosa. Wanda ya gan ka yau kaɗai lamba ɗaya ce a hannunsa.

Maganin ma haka yake. Ƙwayar hawan jini tana ɗaukar makonni kafin a ga cikakken aikinta, kuma mutane da yawa sai an haɗa musu iri biyu ko uku jininsu ke daidaita. Likita yakan fara da kaɗan, ya ce a dawo, ya auna, ya ƙara ko ya sauya. Wanda ya sha magani kwana biyar ya ce bai ga aiki ba, ya tafi wani asibiti, ya mayar da aikin baya ne. Sabon likitan zai fara daga farko, kuma yana iya rubuta masa maganin da yake sha a gida amma da sunan wani kamfani. Kwali biyu, launi biyu, magani ɗaya. Mutum ya haɗa su yana sha, jini ya faɗi ƙasa, ya miƙe tsaye jiri ya kayar da shi.

Kowane magani kuma yana da halinsa. Amlodipine yakan kumbura wa wasu ƙafa. Lisinopril yakan jawo wa wasu busasshen tari mai naci, kuma ba a ba mai ciki shi, domin yana cutar da abin da ke cikin. Likitan da ya rubuta maka lisinopril, da ka koma masa da tari zai tuna, ya sauya maka da wani. Mai kemis da bai san kana shan sa ba, maganin tari zai miƙo maka, ka sha kwalba bayan kwalba, tarin na nan. Akwai kuma magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, waɗanda 'yan dako da magina da masu tuƙa adaidaita ke sha kusan kullum don gajiya. Suna iya ɗaga jini, suna kuma yi wa ƙoda illa idan aka daɗe ana sha. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda, ya ga wahalar da kuɗin da ke ciki, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba suna cikin manyan abubuwan da ke kai mutane ɗakin wankin ƙoda.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai koyarwa shi ne yadda hawan jini ba ya ciwo. Mutum yana jin garau, yana zuwa kasuwar Tarauni yana dawowa, sai ya ce ya warke ya ajiye magani. Ba a warkewa daga mafi yawan hawan jini, riƙe shi ake yi. Wanda ke da likitan da ke jiran sa ranar da aka sa masa, ya fi samun mai tuna masa da wannan kafin ɓarin jiki ya shanye.

Mai ciwon suga kuma yana da wani dalili na musamman, wato azumi. Wasu magungunan suga, irin glibenclamide, suna iya faɗar da sugan jini ƙasa sosai idan mutum ya wuni bai ci ba. Ya kamata mai ciwon suga ya ga likitansa tun a Rajab ko farkon Sha'aban, a duba ko zai iya azumin, a gyara masa lokacin shan magani da yawansa. Likitan da ya san yadda azumin bara ya kasance maka ya fi kowa iya ba ka shawara kan na bana.

Me bincike ya nuna

A 2018 wasu likitoci a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Denis Pereira Gray, suka tattara bincike 22 da aka yi a ƙasashe 9 kan wannan batu. A cikin 18 daga cikinsu an ga cewa mutanen da ke yawan ganin likita ɗaya sun fi ƙarancin mace-mace a tsawon lokacin da aka bi su. A ƙasar Norway kuma, inda tun 2001 aka tsara kowane ɗan ƙasa ya sami likitansa na dindindin, an duba bayanan mutum kusan miliyan huɗu da rabi. Waɗanda suka haura shekara 15 da likita ɗaya, yawan mutuwa a cikinsu ya yi ƙasa da kusan kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda shekararsu ɗaya da nasu likitan, kuma yawan kwantar da su asibiti cikin gaggawa ma ya ragu. Rai da ajali na hannun Allah. Amma an umarce mu da neman magani, kuma wannan yana nuna mana wace hanyar nema ce ta fi kyau.

Ina ya kamata a fara

An shirya asibitocinmu hawa uku. Na farko ƙananan asibitocin unguwa, inda ake awon ciki da rigakafin yara da gwajin zazzaɓin cizon sauro da awon jini. Na biyu manyan asibitocin jiha. Na uku asibitocin koyarwa irin na Malam, inda ƙwararru suke. Tun a taron Alma-Ata na 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa ƙaramin asibiti na kusa da gida shi ne tushen kiwon lafiya, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ministan lafiya na Najeriya daga 1985 zuwa 1992, ya ba da ƙarfinsa wajen kafa wannan tsari a ƙananan hukumomi.

Mu da asibitin koyarwa ke bakin ƙofarmu, mukan tsallake hawa na farko mu tafi can ko da mura ce. Ina ganin asara ce ta fuska biyu. Mun ƙara tsawon layi ga wanda ya taho daga Hadejia da ciwon da sai ƙwararre, mun kuma bar wurin da ya fi sauƙin sanin mu. A ƙaramin asibiti ba kullum ake samun likita ba, wannan gaskiya ne. Amma nas ko ungozomar asibiti ko jami'in lafiya da ya yi shekaru a unguwa, wanda ya yi wa mace awon ciki uku, ya yi wa 'ya'yanta rigakafi, ya san ta sanin da babban likitan da ya gan ta minti goma ba zai yi ba. Idan abu ya fi ƙarfinsa zai rubuta takarda ya tura ta gaba, kuma wannan takarda tana rage mata bayani da ɓata lokaci.

Masu inshorar lafiya ma a kan wannan tsari aka ɗora su. Ko ta tarayya ce, wadda aka fara da sunan NHIS a 2005 aka mayar da ita NHIA da dokar 2022, ko ta Jihar Kano da hukumar KSCHMA ke gudanarwa, ana sa mutum ya zaɓi asibiti ɗaya a matsayin nasa, daga nan ake tura shi gaba idan da buƙata. Kada ku zaɓa don suna. Ku zaɓi wurin da za ku iya zuwa ko ranar da aljihu ya yi sanyi.

Idan likita ɗaya bai samu ba

A nan sai mu faɗa wa juna gaskiya. Likitocinmu sun yi kaɗan, wasu kuma suna tafiya Saudiyya da Ingila aiki. Asibitin koyarwa kuwa makaranta ce, likitocin da ke neman ƙwarewa ana juya su daga wannan sashe zuwa wancan. Don haka kana iya komawa ranar da aka sa maka ka tarar da wata fuska a kan kujerar. Wannan bai rushe darasinmu ba. Idan ba ka sami mutum ɗaya ba, ka riƙe wuri ɗaya da fayil ɗaya.

Fayil shi ne inda kowane likita ke rubuta abin da ya gani da abin da ya bayar. Katin da aka ba ka yana ɗauke da lambar da ake nemo shi da ita, ko a takarda yake ko a kwamfuta. Wanda ya ɓatar da kati ya yanki sabo ba tare da ya ce yana da tsoho ba, ya raba tarihinsa gida biyu. Ku rubuta lambar a wani wuri daban, ku ɗauki hoton katin a waya. Kada kuma a ari katin wani, ko na ɗan'uwa ne, don gudun kuɗin yankan sabo. Abin da aka rubuta a fayil ɗin yayarki game da rukunin jininta ko maganin da jikinta ba ya karɓa, ba naki ba ne, kuma ranar gaggawa da shi za a yi aiki.

Bayan fayil ɗin asibiti, ku yi naku. Ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta ya isa. A rubuta kwanan wata, awon jini ko na suga, sunan magani, da ranar dawowa. Ku da kuka shigo wannan aji don koyon karatu da rubutu, ga wurin da rubutun zai yi muku aiki tun yau. Wanda ajami ya fi masa sauƙi ya rubuta da ajami. Takardun gwaji da na hoto a tara su a leda ɗaya. Ranar asibiti a ɗebo duk magungunan da ake sha cikin kwalayensu, domin "wata 'yar fara ƙarama" ba ta gaya wa likita komai, fararen ƙwayoyi sun fi a ƙirga. Kuma ba laifi ba ne mutum ya tambayi sunan likitan da ya duba shi da ranakun da yake zama, ya roƙi a sa masa ranar dawowa daidai da su.

Ga misali. Wata dattijuwa mai hawan jini ta koma asibitinta bayan wata biyu.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ina gajiya? Yaya ƙafar nan da ta kumbura?"

"Da sauƙi, likita, tun da ka sauya min maganin ta saɓe. Sai dai kwana biyun nan kaina ke sarawa."

"Na ga awon ya hau, bai kai haka ba wancan zuwan. Mu ga ledar. Hajiya, wannan kwalin ai ko rabi ba ki sha ba."

"Wallahi, ɗan nan, kuɗin ne suka yanke. Sai nake sha yau in tsallake gobe don ya kai ni."

"Gara da kika faɗa. Da na ƙara miki wani a kai, ina zaton wannan ya kasa. Bari in rubuta miki irinsa na kamfanin da ya fi araha. Akwai wani abu da kike sha ban da nawa?"

"Akwai wani jiƙo da maƙwabciyata ta ba ni."

"Ki kawo min shi ko ki tambayo sunan itacen. Kafin nan ki dakata da shi."

Ku lura da abin da ya faru. Da baƙon likita ne, da wuya Hajiya ta ce masa ba ta da kuɗi, da wuya kuma ta ambaci jiƙo. Ta faɗa ne don ta saba da shi, ta san ba zai yi mata tsawa ba.

Amana ta fuska biyu

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunya adonmu ce, amma a ɗakin likita takan jawo asara. Namiji yakan daina maganin hawan jini don yana zargin ya rage masa ƙarfi a shimfiɗa, ya kasa faɗa, alhali akwai wanda za a iya sauya masa. Mace takan yi wata da watanni tana jin ƙullutu a mama ko tana ganin jini ba lokacinsa ba, ta yi shiru. Wadda ta fi sakewa da likita mace, ta nema, in akwai za a haɗa ta da ita. Ina kuma roƙon magidanta masu raka iyali: rakiyar alheri ce, amma ku bar mai ciwon ta yi bayani da bakinta, ku ba su wuri idan likita ya buƙata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shi ma likita akwai abin da ke kansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a riƙe sirrin mara lafiya, ta kuma ba shi haƙƙin a yi masa bayanin ciwonsa da hanyoyin magani da abin da ke iya biyo baya, ta yadda zai gane. Kafin ku tashi daga kujera ku tabbata kun san sunan ciwon, da yadda za a sha maganin, da ranar dawowa. In an yi Turanci ku ce a maimaita da Hausa. Idan kuwa mutum ya ga likitansa ba ya sauraron sa, ko an daɗe ana magani ba sauƙi, yana da damar neman ra'ayin wani ko ya sauya wuri baki ɗaya. Sai dai ya sauya sau ɗaya da dalili, ya nemi takardar bayanin ciwonsa ya tafi da ita.

Akwai kuma halin da ba a jiran kowa. Idan baki ya karkace ko hannu da ƙafa suka saki farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe da matsanancin ciwo, ko mai ciki ta fara zubar da jini ko jijjiga, ko yaro ya sanƙare ko ya kasa shan nono, a nufi sashen gaggawa mafi kusa ko da tsakar dare ne. Dokar 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa. A ɗauki littafin nan da ledar magani in suna kusa. Bayan an sallame ku, ku kai takardar sallamar asibitinku na kullum a saka a fayil.

Aiki

1. Ku ambaci dalilai biyu da suka sa awon jini na rana ɗaya ba ya isa a ce mutum yana da hawan jini.

2. A hirar Hajiya da likita, waɗanne abubuwa biyu ta faɗa da suka sauya shawararsa? Me zai iya faruwa da ta yi shiru?

3. Ku zauna uku-uku, kowa ya lissafa wuraren da mutanen gidansa suka nemi magani daga Sallar bara zuwa yanzu. A wane wuri ne aka fi sanin su?

4. Aikin gida: ku sami ƙaramin littafi. A shafin farko ku rubuta sunanku, da sunan asibitinku, da lambar katinku, da magungunan da kuke sha, da wanda jikinku ba ya karɓa idan akwai. A shafi na biyu ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, ku sami gida huɗu: kwanan wata, awo, magani, ranar dawowa. Ku zo da shi aji mako mai zuwa.